Abin da Ya Rage a Matajin Hajiya Mai Koko

Hajiya Rahamatu Mai Koko ta rasu ranar Alhamis da hantsi, kafin a kira la'asar an kai ta maƙabartar Tafo an dawo. Haka ake yi a Zongon Kumasi tun kaka da kakanni: a sanar a lasifikar masallaci, mata su yi wanka, maza su yi sallah, a rufe bawan Allah tun rana ba ta faɗi ba. Babu wanda ya taɓa ganin aibin wannan hanzari, kuma 'yarta Aziza har alfahari ta yi da yadda komai ya tafi lami lafiya. Sai ranar sadakar bakwai, wadda ta faɗo Laraba, wata tsohuwa ta shigo gidan tana neman abin da Aziza ta riga ta jefa a wuta da hannunta.

Amma bari a fara da ita Hajiyar, yadda 'ya'yanta suka san ta.

Abin da suka tashi suka ji shi ne marainiya ce daga Salaga, can arewacin Ghana. Kakarsu Hajiya Fatu, uwar mahaifinsu Alhaji Umoru mai goro, ita ce ta ɗauko ta daga can ta haɗa ta aure da ɗanta, wai 'yar wani ɗan uwanta ce da ya rasu bai bar kowa ba. In yara sun tambayi dangin Salaga, sai Hajiya ta ce duk sun ƙare, ta aike su ɗebo ruwa. Haihuwa biyu Allah ya bar mata, Nuruddin da Aziza. Nuruddin ya zama malami, yana da makarantar allo da Arabiyya a bayan gida. Aziza ta yi aure a Sofoline tana sayar da atamfa. Goron Alhaji ya yi ta ja da baya tun yaran suna ƙanana, don haka kokon Hajiya ne ya ciyar da gidan, ya yi wa Nuruddin kuɗin littattafai, ya kai ita kanta Makka.

Shekara hamsin da wani abu tana kafa tukunyarta a bakin titi a Ashanti New Town. Kokonta ba na masu raki ba ne. Citta take zuba masa da kanumfari da masoro har sai mai sha ya yi gumi, kuma in ka ce ya yi yaji sai ta dube ka daga sama har ƙasa ta ce ka je ka sha shayi. Ba ta da haƙuri da malalaci, ba ta kuma iya ganin mai yunwa ya wuce. Direbobin motocin haya na trotro, malaman makaranta, masu dako, kowa ya san bencinta. Abu ɗaya ne ya gagare ta a duniya, wato Twi, yaren mutanen Asante. Mace ta shekara hamsin tana ciniki a tsakiyar Asante, amma in ta buɗe baki sai ka rantse jiya aka sauke ta daga motar Arewa.

Wannan Twi ɗin nata shi ake ta dariyarsa a tsakar gida da safiyar sadakar bakwai. Malamai sun gama addu'a, maza sun watse, an bar mata da jikoki a ƙarƙashin rumfa suna tuna ta. Basma, 'yar Aziza mai aikin jinya, ta miƙe ta kama ƙugu tana kwaikwayon yadda Kaka take yi wa direbobi faɗa da karyayyen Twi, har matan da suka zo da jajayen idanu suka riƙe ciki. Wata ta tuna ranar da Hajiya ta bi ɓarawon ƙosai da ludayi, da ta kama shi kuma ta ƙara masa biyu. Wata ta ce ita Hajiya ce ta yi mata wankan jego da uwarta ta ƙi zuwa. Malam Nuruddin yana tsaye a bakin zaure yana murmushi, yana goge gilashinsa fiye da yadda gilashi yake buƙata.

Aziza tana dariya tare da su, amma hannunta yana kan haɓar zaninta, inda ta ƙulle wani abu da ba ta nuna wa kowa ba.

Ita ce mai yi wa uwarta kitso. Duk mako biyu, ranar Laraba da yamma, za ta rufe shago ta hau mota ta zo, Hajiya ta zauna a tabarma ta jingina da gwiwoyinta. Ta san kan nan fiye da tafin hannunta. Ta san tabon da yake ɓoye a ƙeya ta hagu, mai tsawon ɗan yatsa, inda gashi ba ya fita, wanda kullum sai ta karkata tsaga ta rufe shi. Hajiya ta ce faɗowa ta yi daga kan mota a Salaga tana yarinya. Ta kuma san halin uwarta in an gama: sai ta karɓi matajin ta tsince gashin da ya maƙale sili-sili, ta bi tabarma ta tsince na ƙasa, ta naɗe a takarda ta jefa cikin wani tsohon gwangwanin madara da yake ƙarƙashin gado. In ta yanke farce ma can yake zuwa. Aziza ta sha tsokanarta, wai Mma, wa zai yi miki sammu da furfura? Hajiya ba ta taɓa amsawa ba. Sau uku ko huɗu a shekarun baya-bayan nan, ana tsakiyar kitso, ta ce, “Aziza, akwai maganar da zan faɗa miki.” Sai kuma ta ɓige da tambayar kuɗin gero a kasuwa.

Larabar ƙarshe, ana gobe za ta rasu, an gama kitso ana kiran magariba. Hajiya ta miƙa hannu za ta karɓi matajin, sai ta fasa, ta ce yatsunta sun gaji, a bar shi sai gobe. Aziza ta ajiye shi a kan taga. Washegari kuwa Hajiya tana tace gasara ta zauna a kan turmi ta ce kanta yana juyawa, shi ke nan.

Ranar uku, mata suna gyaran ɗakin mamaciya kafin baƙi su cika gida, matar Nuruddin ta jawo gwangwanin ta buɗe, ta sake shi ta ja da baya tana a'uziyya. Cike yake maƙil da ƙulle-ƙullen takarda, na ƙasa gashi baƙi wuluk, na sama fari fat. Aka kira Malam. Ya leƙa, ya ɓata fuska, ya ce a binne shi a wani wuri kafin wani ya gani ya fita yana cewa Hajiya tsibbu take yi. Binnewa ya ce. Amma baƙi sun riga sun fara sallama a zaure, tsakar gidan kuma siminti ne, ina za a tsaya haƙa rami ana kallo? Aziza ta ji kunya ta rufe ta, kunyar uwarta, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Ta ɗauki gwangwanin ta zaga bayan ɗaki inda aka ɗora tukunyar shinkafar sadaka, ta juye shi duka a murhu. Ƙaurin gashi ya tashi, ta sa mafici tana kore shi don kada ya kai rumfa.

Da ta koma ɗakin ta ga matajin a kan taga, furfura ta naɗe haƙoransa, yana ƙamshin man kaɗe. Wannan kam ba ta iya ba. Ta ƙulle shi a haɓar zani, kuma tun ranar ba ta rabu da shi ba. Kayan Hajiya za a raba, ɗakin za a ba wani, amma wannan ɗan gashin shi kaɗai ne ya rage na jikin uwarta a bayan ƙasa, kuma nata ne.

Ana cikin dariyar Basma sai ga Maame Laraba a ƙofa.

Duk gidan an san ta, ko da yake babu wanda ya san sunanta na gaskiya. Tsohuwa ce 'yar Asante daga Atonsu, wadda duk Laraba take zuwa wurin koko tun Aziza tana 'yar shekara goma sha ɗaya, shi ya sa yara suka laƙaba mata sunan ranar. Takan zo da ƙunshin ɗanyar citta, ta sha kwano ɗaya, sannan ta zauna a ƙarshen benci su yi ta kankare cittar ita da Hajiya har rana ta yi zafi. Ita ba Hausa, Hajiya ba Twi. Jikoki suna cewa wannan shi ne ƙawance mafi arha a Kumasi, ko yawu ba a kashewa.

Ta shigo da zaninta na yau da kullum, ƙunshin citta a hannu, tana haki. Ashe sai da ta je bakin titi ta tarar da benci a kife, mai gyaran takalma na kusa ya faɗa mata rasuwar. Aziza ta tashi da sauri, ranta ya sosu don babu wanda ya tuna ya aika mata, ko da yake babu wanda ya san gidanta. Ta ba ta kujera ta yi mata bayani da Twi, wanda duk 'yan gidan suke ji kamar ruwa in ban da marigayiyar. Tsohuwar ta saurara tana gyaɗa kai, idonta a bushe. Sai ta tambaya wane asibiti aka ajiye gawar, kuma wane wata aka tsayar na jana'iza.

Aziza ta ce ai an binne ta tun ranar Alhamis.

Tsohuwar ta sake tambaya, kamar ba ta ji ba. A wurinsu mamaci yakan yi wata biyu, wata uku a firij, sai dangi na nesa da na kusa sun hallara, an yi shawara, kowa ya ga fuskarsa. Ta zauna da mutanen Zongo shekara da shekaru, ta san Musulmi ba sa jinkiri, amma sani daban ne da a ce naka ne. Da Aziza ta maimaita, ƙunshin citta ya suɓuce ya watse a siminti. Tsohuwar ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu biyu a ka, ta fara kiran wani suna da ba a taɓa ji a gidan ba.

“Afua. Afua Dufie. Kin tafi ban gan ki ba.”

Mata suka dubi juna. Wata ta ce tsufa ne, ta rikice. Aziza ta durƙusa ta ce, Maame, Hajiya Rahamatu ce ta rasu, ƙawarki mai koko.

“Ba ƙawata ba ce,” in ji tsohuwar. “Ƙanwata ce. Ciki ɗaya muka fito. Sunana Akua, ni nake gabanta.”

Malam Nuruddin ya ƙaraso a hankali, ya ce cikin ladabi mahaifiyarsu mutuniyar Salaga ce, wataƙila kama ce ta yi yawa. Maame Akua ba ta ko dube shi ba. Ta tambaya wa yake yi wa marigayiyar kitso. Da Aziza ta ce ita ce, sai tsohuwar ta kai yatsa bayan kanta, ƙeya ta hagu, ta ja layi daidai tsawon ɗan yatsa. Ta ce ita ta yi mata shi da wuƙar fasa kwanson goro, suna yara, suna rigima a kan wa zai riƙe wuƙar, kuma uwarsu ta yi mata dukan da har yau ba ta manta ba.

Tabon nan ko Basma ba ta san da shi ba. Aziza ta dubi fuskar da take gani duk Laraba shekara arba'in, sai yanzu ta ga wushiryar, ta ga kunnuwan, ta ga yadda leɓen ƙasa yake rawa kafin kuka. Abin yana nan a fili tun tuni, su ne ba su duba ba, don an ce musu Salaga.

Nuruddin ya juya wurin Hajiya Sajida, maƙwabciyarsu da ta haura casa'in, wadda take zaune a inuwa da carbi. Ya zuba mata ido. Tsohuwar ta ja carbi biyu ko uku sannan ta ce, “Gaskiya ta faɗa, Malam. Mu da muka ga zuwanta mun sani. An ce mu yi shiru, muka yi.” Malam ya nemi bango ya jingina.

Labarin ya fito guntu-guntu, rabi daga bakin Maame Akua, rabi daga Hajiya Sajida. A wani ƙauye bayan Offinso aka haifi marigayiyar, inda Alhaji Umoru yake zuwa sayen goro yana saurayi. Ita take zaɓe masa goron, tana ware mai tsutsa, daga nan zance ya ƙullu. Ta musulunta da son ranta ta bi shi. Kawunta, wanda yake shugaban danginsu, bai hana ba, amma ya faɗa a gaban jama'a cewa a Asante ɗa na dangin uwa ne, duk abin da ta haifa nasu ne, kuma in sun yi wayo zai aiko a ɗauko su. Da wannan magana ta iso kunnen Hajiya Fatu, sai ta ce to ba za su sami hanya ba. Ta ƙirƙiro labarin Salaga, ta rantsar da matan layin, ta ce wa amarya daga yau ba ki jin Twi. Yarinya 'yar shekara goma sha tara ta zaɓi 'ya'yan da ba ta haifa ba tukuna, ta haɗiye harshenta. Kawun ya mutu, Hajiya Fatu ta mutu, Alhaji ya mutu, amma ƙaryar ta riga ta girma tare da yaran, ta rasa ta inda za ta kama ta.

Basma ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska. Ɗazu-ɗazun nan take kwaikwayon karyayyen Twi na kakarta, ashe matar da gangan take karya shi, kullum, shekara hamsin, a gaban jikokin da suke mata dariya. Maame Akua ta ce in yara sun tafi wanke kwanuka sukan yi hira ƙasa-ƙasa, kuma Twi ɗin Afua ya fi nata daɗi.

Sannan ta zo kan abin da ya kawo ta. A shekarar yunwa da gobarar daji, tamanin da uku, uwarsu ta kwanta ciwon ajali tana kiran Afua. Kafin ta cika ta sa Akua ta yi mata alkawari cewa ko ba daɗe za ta dawo da ƙanwarta ta kwanta kusa da ita. Akua ta yi wata biyu tana bin masu koko na Kumasi har ta same ta. Afua ta yi kuka ta ce jikinta na Musulunci ne, inda Musulmi suke kwanciya nan za ta kwanta, wannan babu ja. Amma a al'adarsu, wanda ya mutu a nesa aka kasa kawo shi, gashinsa da farcensa ake kaiwa gida a binne, ya zama ya dawo. Afua ta ce wannan za ta iya. Za ta riƙa tarawa, in ta riga ta tafiya Akua ta zo ta karɓa.

“Gwangwani ne na madara,” in ji Maame Akua. “Ta ce yana ƙarƙashin gado. Shi kaɗai na zo ɗauka, ba na son zani, ba na son komai. Ba za a zuba giya ba, ni 'yar coci ce. Rami kaɗan zan haƙa a gefen kabarin uwarmu in sa shi.”

Matar Nuruddin ta sunkuyar da kai. Malam ya dubi ƙanwarsa ya ce, a hankali, ina aka binne shi, a tono. Shi har lokacin bai sani ba.

Aziza ta ɗago kai. Ta ce ba ta binne ba. Ta ce ta ƙona shi ranar uku, a murhun shinkafa.

Babu wanda ya yi salati, abin ya wuce nan. Maame Akua ta tambaya, duka? Aziza ta ce duka. A zuciyarta ta sake ganin baƙin gashin nan na ƙasan gwangwani yana murɗewa a wuta, gashin uwarta tana matashiya, tana goyon wannan alkawari ita kaɗai, ita kuma tana tsaye da mafici tana kore ƙaurin don kada baƙi su ji. Tsohuwar ta sake tambaya ko akwai wani abu da ya rage, ko a tabarma, ko a matashin kai. An wanke komai, an share komai.

Hannun Aziza yana kan ƙullin haɓar zaninta, tana jin haƙoran matajin ta cikin atamfa. Ta san abin da ya kamata. Amma wani abu ya taso mata, fushi ne ko rowa ita ma ba ta sani ba. Wannan matar ta sami Afua Dufie duk Laraba, ta san sunanta, ta ji muryarta ta gaskiya. Ita da ta fito daga cikinta an bar ta da Salaga. Yanzu kuma ɗan abin da ya rage mata shi ma a kai wani ƙauyen da ba ta taɓa jin sunansa ba?

“Babu, Maame,” ta ce. “Babu abin da ya rage.”

Tsohuwar ta ce yoo, wato to a yarensu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dafa kujera ta miƙe, ta ƙi abinci, ta ƙi rakiya. Ta ce wa Nuruddin wata rana ya sa a nuna mata kabarin, ba yau ba. Sannan ta tsaya ta dubi cittar da ta watse a ƙasa, ta sunkuya da ƙyar ta tattara ta wuri ɗaya a gindin bango, don kada a taka. Ta ce ita shekararta tamanin, ba ta san me za ta faɗa wa uwarsu ba in sun haɗu. Ta fita.

Aziza ta tsaya tana kallon tulin cittar. Haka Hajiya take yi, ba ta iya wuce abinci a ƙasa, ko na wani ne, ko tana fushi. Malam ya matso kusa da ita, ba faɗa yake yi ba, kamar da kansa yake magana. Ya ce shi binnewa ya ce a yi tun farko, kuma ƙasar Allah duk ɗaya ce, da akwai abin binnewa da shi da kansa zai riƙe mata fartanya. Sai ta tuna hannun uwarta ranar Laraba, yadda ya miƙo zai karɓi matajin ya koma. Sai gobe, ta ce. Hajiya ba ta bar mata gashin nan kyauta ba, gajiya ce ta hana ta kai shi inda take kai sauran.

Ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba. Ta bi lungu da sauri, mace mai shekara hamsin da biyu tana tsallake kwata, mutane suna yi mata gaisuwar rasuwa tana wucewa. Ta sami tsohuwar a tashar trotro, a zaune a kujerar bakin ƙofa ta motar Atonsu, ana jiran mutum uku mota ta cika. Aziza ta tsaya a bakin ƙofar tana haki, ta kwance haɓar zani da haƙori don ƙullin ya ƙi yatsu. Ta ce ƙarya ta yi. Ta miƙa mata matajin.

Maame Akua ta karɓa da hannu biyu. Ta kai shi hanci, ta rufe ido. Sannan ta shimfiɗa hankici a cinya ta fara tsince gashin daga haƙoran, sili-sili, da farcen babban yatsa, daidai yadda Hajiya take yi, har da ɗan karkatar da kan. Mutum ukun suka zo, direba ya tayar da mota, ya waiwayo zai yi magana, ya ga abin da ake yi ya kashe injin. Babu wanda ya yi gunaguni a motar.

Aziza tana kallo gashin yana ƙarewa. Sau biyu maganar ta zo mata baki, ta ce Maame ki bar mini ko sili ɗaya. Sai ta tuna na shekara arba'in da ta juye a murhu, ta haɗiye. Duka abin bai fi a rufe shi da yatsa biyu ba. Tsohuwar ta ɗaga matajin ta duba shi a hasken rana, ta ciro na ƙarshe da ya ɓuya a gindi, ta naɗe hankicin ta tura shi cikin rigarta wajen ƙirji.

Ta miƙo wa Aziza matajin, ta riƙe hannunta tare da shi na ɗan lokaci. Ta ce ran Asabar za ta kai Afua gida, motar farko daga tashar Kejetia, in akwai mai son ya ga inda uwarsa ta fito. Aziza ta ce za ta zo, ta kuma ce ba ta san sunan garin ba. Tsohuwar ta faɗa mata, ta maimaita, ta sa ta faɗa har ya zauna a bakinta.

Mota ta tashi. Aziza ta tsaya a tashar da mataji a hannu, tas, kamar yau aka saye shi. Ta kai shi hanci. Ƙamshin man kaɗen yana nan, kuma ta san shi ma ba zai wuce mako ba.